Wata goma da na yi a ICU ta Tokyo a matsayin ɗalibin musaya

Ranar da na gaya wa Baba sunan makarantar shiru ya yi a waya har na ɗauka layin ne ya yanke. International Christian University, wato ICU, a garin Mitaka da ke yammacin Tokyo. Shi bai ji Tokyo ba, bai ji jami'a ba, kalmar tsakiyar nan kawai ta shiga kunnensa. Can sai ya ce "duk makarantun da ke Japan ka rasa wadda za ka zaɓa sai ta 'yan mishan?" Na ce Baba ai ita ce jami'armu ta nan Ingila ke da yarjejeniyar musayar ɗalibai da ita, kuma a can ne ake yin darussa da yawa da Turanci, ni kuwa Japananci ko gaisuwa ban iya ba. Ya ce ya ji, Allah Ya sa alheri, amma sharaɗi ɗaya, kada ƙafata ta taka coci. Na ce to Baba. Umma kuwa ita ba wannan ne ya dame ta ba, tambayarta ɗaya ce, me zan riƙa ci. Daga baya na gane ita ce ta hango inda wahalar take.

Harkar takardu ta ɗauki kusan shekara. Da farko jami'arka ce za ta tace masu nema ta zaɓe ka, sannan ka cike fom ɗin ICU ɗin kanta, ka haɗa sakamakon jarrabawa da ɗan rubutu kan dalilin zuwanka da hoto da kwafin fasfo da takardar banki mai nuna za ka iya riƙe kanka. Kuɗin makaranta a jami'arka ta asali kake ci gaba da biya, amma ɗaki da abinci da jirgi duk a wuyanka suke. Akwai tallafin JASSO, hukumar tallafa wa ɗalibai ta Japan, na yen 80,000 a wata da wasu ke samu, ni dai ban dace ba. Abin da ya fi cin rai shi ne jiran wata takarda da ake kira COE, makarantar ce ke nema maka ita daga hukumar shige da fice ta Japan, in babu ita ba zancen biza, kuma ba abin da za ka iya yi illa duba imel safe da yamma kamar mai jiran sakamakon asibiti. Da ta iso na kai ta ofishin jakadancinsu da ke Piccadilly a Landan, cikin kusan mako guda aka buga min biza, wannan kam bai ba ni wahala ba.

Na sauka a filin jirgin Haneda ab da shigar Satumba ta 2023. A nan take suke ba ka katin zama, zairyu kado, kuma doka ce ka riƙa yawo da shi kullum. Wani da ya riga ni zuwa ya ba ni shawara in nemi izinin aiki tun a filin jirgin, fom ɗaya ne kawai, su buga maka hatimi a bayan katin, awa 28 a mako. Na yi hakan kuma na gode masa, don waɗanda suka manta sai da suka ɓata yini guda a ofishin shige da fice. Da na fito waje kuwa, kai, ni da nake taƙama na san zafi, ashe nasu daban ne, zafi ne mai ɗanko, iskar kanta kamar tururin tukunya, kafin ka ja akwati zuwa tasha riga ta manne maka a baya. Jirgin ƙasa na layin Chuo zuwa Musashi-Sakai, daga nan bas har cikin makaranta.

Daga ƙofa akwai wani miƙaƙƙen titi kusan mita 600, bishiyoyin sakura masu fure hagu da dama, ɗalibai suna ce masa kassoro, wato titin tashin jirgi. Dalili kuwa, filin makarantar a da na kamfanin ƙera jiragen yaƙi ne na Nakajima, har babban ginin da muke ɗaukar lakca, Honkan, tsohon ginin bincikensu ne. Bayan yaƙin duniya na biyu ne Kiristocin Japan da na Amurka suka haɗa kuɗi aka sayi filin, aka buɗe makarantar a 1953, kuma wanda ya jagoranci tara kuɗin a cikin Japan, Ichimada Hisato, gwamnan babban bankinsu a lokacin, shi kansa ba Kirista ba ne. Wajen daji ne sosai, ɗalibai wajen dubu uku ne kacal a fili mai girman gaske, ga wasu ƙwari da ake kira semi suna kuka kamar gyare amma a ninka sau goma. Kuma ka san me ke tsaye a ƙarshen titin, yana kallonka tun daga nesa? Coci. Katon gicciye a gaba.

Kwana kaɗan da zuwa aka ce bikin rantsar da sababbin ɗalibai, kowa ya sa kaya masu kyau, kuma a cikin cocin nan za a yi. Gabana ya faɗi. Ban yi mako guda ba zan karya alƙawarin Baba. Na tsaya a bakin ƙofa ina ta lissafi, daga ƙarshe na bi layi na shiga na zauna can baya. An kaɗa wani ƙaton molo mai bututu da ya cika bango, ka ji sautin har a ƙirjinka, aka yi waƙa, aka karanta wani abu daga Baibul, aka yi addu'a, ni dai na sunkuyar da kai ina nawa istigfari. Da na ɗan saci kallon gefe sai na ga yawancin 'yan Japan ɗin ma leɓensu ba ya motsi, ba su san waƙar ba. Sannan aka zo kan abin da ya tara mu, kowane sabon ɗalibi yana sa hannu a takardar alƙawari cewa zai yi zamansa bisa sanarwar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1948. Shi ke nan. Ba wanda ya tambaye ni addinina.

Da dare na kasa barci, na lissafa awa takwas ɗin da ke tsakaninmu da gida na kira Baba na gaya masa gaskiya. Ya ce "ka yi sujada?" Na ce a'a. "Ka ci wani abu a ciki?" A'a. "Sun ce ka faɗi wata kalma?" Na ce takarda kawai na sa wa hannu kan ba zan zalunci kowa ba. Ya yi shiru, ya ce "to ai wannan ko ni zan sa hannu. Ka dai kula da sallarka." Abokin ɗakina ɗan Japan yana kwance yana ji ina ta Baba, Baba, da na ajiye waya ya tambaye ni cikin ladabi ko kakata ce, don a yarensu kalmar ta fi kama da tsohuwa, kuma ba ta girmamawa ba ce. Ban taɓa gaya wa Baba wannan ba.

Sauran rajista a cikin gari ake yi. Cikin kwana 14 dole ka je ofishin hukumar birnin Mitaka su rubuta adireshinka a bayan katin zama, a nan kuma ka shiga inshorar lafiya ta ƙasa, wadda in ka je asibiti kashi 30 cikin ɗari kawai za ka biya. Tsofaffin ɗalibai ne suka raka mu rukuni-rukuni suna cike mana fom, don ni a lokacin rubutun nan nasu duk zane nake gani. Sai asusun banki, sai layin waya, sai katin Suica na shiga jirgi da bas, sai keke na hannu da na saya wanda shi ma sai an yi masa rajista da sunanka. Aka yi mana gwajin Japananci don a raba mu aji-aji, na rubuta sunana na miƙa takarda, aka sa ni matakin farko, ba gardama.

Mu 'yan musaya OYR ake ce mana, wato ɗaliban shekara ɗaya. Shekararsu kashi uku ce, ba simesta biyu ba, na kaka daga Satumba zuwa Nuwamba, na hunturu daga Disamba zuwa farkon Maris, na bazara daga Afrilu zuwa Yuni, kowanne wajen mako goma. Wannan tsarin ba ya jira, kana cewa bari in gama sabawa sai ka ji an ce jarrabawar tsakiya jibi. Ajin Japananci kusan kullum akwai ƙaramin gwaji da safe, kalmomi, harufan hiragana da katakana, daga baya kanji, in ka yi wasa da kwana biyu sai ka ga 'yan aji sun yi maka nisa. Ranata yawanci haka take, asuba, in koma in ɗan rintsa, in haddace kalmomi ina shan shayi, keke zuwa Honkan, da rana in dawo hostal in ɗumama abin da na dafa, lakcar yamma, laburare har dare. Akwai wani ɗan tudu mai ciyawa a gaban Honkan da ake kira Bakayama, tudun wawaye, wai duk wanda ya kwanta a kai rana ta buge shi ba zai koma aji ba. Na gwada, gaskiya ne.

Salla kuwa abu na farko da ya rikita ni alƙibla ce. Tun ina yaro in an ce salla gabas ake kallo, har kalmar ta zama ɗaya a bakinmu. A Tokyo yamma kake fuskanta, ka ɗan karkata arewa. Na duba manhaja biyu a waya don ban yarda da ta farko ba, kuma har na yi wata guda jikina yana gaya min na juya wa Ka'aba baya. Lokuta ma suna yawo sosai, a Disamba rana tana faɗuwa wajen huɗu da rabi na yamma, azahar da la'asar da magariba duk su taru a tsakiyar lakca, a Yuni kuma asuba tana shiga kafin ƙarfe uku na dare. Wani malami da ya lura ina fita da sauri a tsakanin darussa ya tambaye ni lafiya, da na gaya masa sai ya ce ofishinsa yana kusa, in ba kowa in shiga in yi, har ya matsar da wata kujera don in samu fili. Shi mai zuwa coci ne duk Lahadi, ya ce min ya san yadda ake neman kusurwar da ba hayaniya a rasa.

Alwala ce ta jawo min abin kunya na farko. Ni dai ina ɗaga ƙafa in sa a wajen wanke fuska na hostal in wanke abuna, ruwa ya ɗan zuba a ƙasa in wuce. Hostal ɗin ɗalibai ne ke tafiyar da shi da kansu, akwai jadawalin shara da wanke kicin da fitar da bola, akwai kuma mitin da ake zama a tattauna komai, wani lokaci har dare ya raba a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba. A wani mitin sai shugaban bene ya ce, idonsa a kan takarda, wai kwanan nan ana yawan samun ruwa a ƙasan wajen wanke fuska da sassafe, wani har safarsa ta jiƙe, yana roƙon kowa ya ɗan kula. Ba wanda ya kalle ni, kuma rashin kallon ne ya gaya min kowa ya san ni ne. Na ɗaga hannu na ce ni ne, na ba da haƙuri, na yi bayanin alwala da Turanci wani yana fassarawa. Sai tambayoyi suka ɓarke, sau biyar kullum? Har da hunturu? Da ruwan sanyi? Washegari na tarar da ƙaramar roba da tawul an rataye a ƙarƙashin wajen, an manna takarda da sunana da katakana. Har na bar ƙasar ban san wanda ya ajiye ba.

Sai labarin buta. Bayin hostal da na yawancin wurare suna da na'urar fesa ruwa, wannan kam sun huta sun hutar da mu, amma tsofaffin gine-gine ba ko'ina ba, don haka na shiga shagon Daiso na yen ɗari-ɗari neman buta. Na iya jimla ɗaya a lokacin, ka faɗi sunan abu ka ce arimasu ka, wato akwai? Sunan abun ya ɓace min da kowane yare, bakina ya suɓuce na ce "buta arimasu ka?" Matar ta yi murmushi ta ce hai, ta ja ni har wani layi ta nuna min asusun tara kuɗi mai siffar alade, ja-ja da shi. Ashe buta a yarensu alade ne. Na tsaya ina kallon aladen yana kallona. Daga ƙarshe ƙaramar butar ban ruwan fulawa na saya, joro suke ce mata. Da na ba 'yan hostal labari sai da wani ya faɗo daga kujera, daga ranar kuma duk benen buta suke kiranta.

Amfanin abin shi ne harafin kanji na alade ya zama na farko da na haddace da gaske, kuma na ga amfaninsa, don Umma ta yi gaskiya. Naman alade da kake gani da ido ba shi ne matsala ba, matsalar wanda ba ka gani, romonsa a cikin taliyar ramen, kitsensa a burodi da dunƙulen miyar kori, jalatin a yogot da alewa, har cikin soyayyen dankalin leda. Ga kuma mirin da sake, giyar girki da ake zubawa a miya kusan kowace iri. Watan farko a konbini, wato shagunan nan na awa 24 irin su 7-Eleven da Lawson da FamilyMart, sai in yi minti ashirin ina haska bayan leda da kyamarar waya tana fassarawa, in fito da ayaba da dafaffen ƙwai da dunƙulen shinkafa na onigiri. Na rame har wandona ya fara zamewa. Abin da ya cece ni Gyomu Super ne, suna da daskararriyar kaza mai tambarin halal, sai kuma unguwar Shin-Okubo inda akwai wani lungu na shagunan Musulmi, kayan yaji da nama da shinkafa mai dogon ƙwaya. Na koyi girki dole. A kicin ina da tukunyata da soso na daban, na yi zaton za su ji haushi, sai na ga ba abin da ɗan Japan ya fi fahimta irin a ce wannan na wane ne kada a taɓa. Kantin cin abinci na makaranta, Gakki, nakan je don hira, in ci kifi ko abin da na tabbatar da shi.

In an fita liyafa, nomikai, ana shan giya sosai ga wanda ya kai shekara 20, kada sunan makarantar ya ruɗe ka. Ni shayin ulon nake sha, kuma gaskiya sau biyu na je na daina, ba don an matsa min ba, kuɗin ake rabawa daidai, ni kuma ban ga dalilin biyan giyar wani da kuɗin kazata ba.

Zancen addinin makarantar kuwa, ga yadda na same shi. Kiristoci a Japan wajen kashi ɗaya ne cikin ɗari, kuma yawancin ɗaliban ICU ma ba Kiristoci ba ne, sun zo ne don Turanci da sunan makarantar, 'ya'yan gidan sarautarsu biyu ma, Mako da Kako, a nan suka yi. Akwai taron ibada na rana a cocin a cikin mako, ba dole, ba a ɗaukar suna. Akwai makon Kiristanci a zangon bazara da malamai ke buɗe gidajensu na cikin makaranta ɗalibai su je hira. Abu ɗaya da yake dole ga masu digiri shi ne kwas ɗin gabatarwa kan Kiristanci. Mu bai zama mana dole ba, amma na ɗauka a zangon hunturu, rabi don son sani, rabi don in kama su suna wa'azi a ɓoye in samu abin ba da labari. Ban kama kowa ba. Malamin tarihi yake koyarwa da yadda aka tattara littattafan, kuma da kansa yake kawo tambayoyin da za su girgiza mai imani, yana ce wa 'yan aji ku yi min gardama.

Ana gab da Kirsimeti muka zo kan haihuwar Annabi Isa, ya tambaya waye a ajin ya yarda da gaske budurwa ta haihu. Aji mai mutum da yawa, hannu bai fi biyar ba ya tashi, nawa na ciki. Kowa ya juyo, don sun san ni ne mai salla. Malamin ya yi dariya ya ce to bismilla gaya musu. Na ce a Alƙur'ani akwai sura sukutum mai sunan Maryam, ta 19, da labarin naƙuda a gindin dabino da jariri yana magana a zanin goyo, kuma ba Musulmi ba ne wanda bai yarda da Annabi Isa ba, inda muka rabu shi ne mu ba ma cewa ɗan Allah ne, kuma ba mu yarda an gicciye shi ba. Malamin bai yi ƙoƙarin shafe bambancin ba, ya rubuta shi a allo ɓaro-ɓaro, ya ce wannan ba ƙaramar saɓani ba ce kuma kada kowa ya yi kamar babu ita. Wannan ya burge ni fiye da a ce duk ɗaya ne. Bayan aji wata yarinya ta tsayar da ni, ta ce ita a gidansu ana zuwa wurin bautar Shinto ranar sabuwar shekara, a yi jana'iza ta Buddha, yayarta kuma a ɗakin biki mai kamar coci aka ɗaura mata aure, amma ba ta taɓa haɗuwa da wanda yake tsara yininsa a kan addu'a ba, shin ba na gajiya? Na ce wani lokaci ina gajiya. Ban san me ya sa na faɗa mata gaskiya haka ba.

Juma'a tafiya ce. Bas zuwa tasha, jirgi zuwa Shinjuku, a canza zuwa layin Odakyu a sauka Yoyogi-Uehara, ga Tokyo Camii, masallacin Turkawa mai ƙubba da hasumiya, ginin yanzu na shekarar 2000 ne amma tun 1938 akwai masallaci a wajen. Zuwa da dawowa da sallar sai ya ci kusan awa huɗu, don haka tun wajen zaɓen kwas nake kauce wa duk abin da ya faɗa Juma'a da rana, zango ɗaya ne ajin Japananci ya hana ni sai jefi-jefi. A nan na ji Hausa karo na farko bayan wata biyu, wani dattijo ɗan Ghana mai harkar tura tsofaffin motoci yana faɗa a waya wajen ajiye takalma. Na jira ya gama na ce "Baba barka da Juma'a." Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce ɗana daga ina, me kake yi a nan, da na faɗi sunan makarantar ya ce "ikon Allah," ya saya min abinci.

Hunturu ya zo da kewa, ba zan ɓoye ba. Duhu da wuri, hostal ya watse hutun ƙarshen shekara, jirgi cike da mutane amma tsit kamar gidan makoki. Na samu ɗan aikin hira da yara da Turanci sau biyu a mako, mafi ƙarancin albashi a Tokyo lokacin yen 1,113 ne a awa, ya rage min zafin kuɗin abinci. Ranar 1 ga Janairun 2024 da misalin huɗu da minti goma na yamma ina kwance sai na ji gado yana lilo a hankali, labule yana kaɗawa, ya daɗe bai tsaya ba. Girgizar ƙasar Noto ce, can gaɓar yamma, ta yi ɓarna sosai a can, mu a Tokyo jijjiga kawai muka ji. Kafin awa biyu wayata ta cika, Umma ta ji a rediyo tana kuka tana cewa in tattaro in dawo, sai da na kunna bidiyo na zagaya da ita ɗakin ta ga bango a tsaye.

Azumi ya kama a Maris, galibinsa cikin hutun bazara, ana shan ruwa wajen ƙarfe shida saura, bai yi tsawo ba. Abin da ban zata ba, ya haɗu da azumin Kiristoci na kafin Ista, wadda ta faɗo 31 ga Maris a shekarar. Wani ɗan Koriya a benenmu, cikakken ɗan coci, ya bar nama da abincin rana na tsawon lokacin, sai ya zama mu biyu ne muke haɗuwa a kicin da magariba kowa da yunwarsa. Muna ci muna gardama, shi yana so in gane abin da ya gane, ni ma haka, ba wanda ya motsa ko taku ɗaya, amma shi ne yake buga min ƙofa ƙarfe uku da rabi in ƙararrawa ta kasa tashe ni sahur. Sakura ta makara a shekarar, sai farkon Afrilu ta buɗe sosai, titin kassoro ya koma kamar an yi masa rumfa da auduga. Ranar Salla, 10 ga Afrilu, na sa kaftanina na bi ta ƙarƙashinsu da sassafe furen yana zubo min a hula, a masallaci jama'a ta yi yawa har sai da aka yi sallar rukuni-rukuni, na dawo da rana na shiga aji da kayana. Malamar Japananci ta sa duk ajin suka tambaye ni yadda ake gaisuwar ranar, mutum goma sha suna ta "baruka da sara."

Tafiya ma da nata takardun. Ƙarshen Yuni na koma ofishin birni na sanar da barin ƙasa, na rufe inshora na biya ragowar, na rufe asusun banki da layin waya, na sauya sunan rajistar keke zuwa na wani sabon ɗalibi. Ɗaki sai ka goge shi tas an zo an duba. A Haneda jami'in ya tambaye ni ko na gama ke nan, na ce e, ya huda katin zamana ya miƙo min abuna. Tukunya ɗan Koriya na bar wa, butar kuma abokin ɗakina ya ce yana so, yana da wata shukar tumatir a taga. Kwanaki ya turo min hoto a manhajar hira ta LINE, hannunta ya tsage ya naɗe da salatif, ya rubuta da harufan Turanci, buta genki desu, wai buta tana nan lafiya.